Yadda Ake Daidaita Babban Samfurin Harshe Ya Iya Larabci, Mataki-Mataki

Samfurin harshe, wato manhajar da ke koyon harshe daga tarin rubutu har ta iya yin rubutu da kanta, idan aka horar da shi galibi da Turanci yana iya haɗa jimlar Larabci mai kyan gani, amma da zarar an matsa masa sai gazawarsa ta fito fili. Yakan ɓata jituwar adadi da jinsi, ya mayar wa Bamisire amsa da Larabcin jarida, ya ƙaga baiti ya jingina wa Mutanabbi, sannan ya ci kuɗi da lokaci fiye da kima saboda yadda yake daddatsa kalmomin Larabci. Dalilin a bayyane yake. Llama 2, wanda aka gina samfuran Larabci da dama a kansa, kusan kashi 90 cikin 100 na rubutun da ya koya Turanci ne.

Hanyoyin gyara uku ne. Ta farko ita ce gini daga tushe, kamar Jais mai faramita (lambobin da samfuri ke koya a lokacin horo) biliyan 13 da Inception da jami'ar MBZUAI da Cerebras suka fitar a Abu Dhabi a Agustan 2023, bayan horo da tokin (gutsattsarin kalmomi da samfuri ke karantawa) biliyan 395, waɗanda biliyan 116 daga ciki Larabci ne. Wannan aikin masu hannu da shuni ne. Ta biyu ita ce ɗaukar samfurin da aka riga aka gina a ci gaba da horar da shi da Larabci, hanyar da AceGPT ya bi a 2023, da ALLaM na hukumar SDAIA ta Saudiyya a 2024, da Fanar Prime na cibiyar QCRI ta Katar wanda aka ɗora a kan Gemma 2. Ta uku ita ce tsayawa ga horon bin umarni kaɗai. Wannan jagora ta fi karkata ga ta biyu, a samfuri mai faramita biliyan 7 zuwa 9, domin shi ne girman da ƙaramar tawaga za ta iya ɗauka. Tun daga nan ka san cewa mafi yawan abin da ke lalata aikin yana faruwa ne kafin a kunna GPU, wato katin lissafi da ake horo da shi, ko ɗaya.

Fara da tambayar: wane Larabci?

Akwai Larabcin gargajiya na Alƙur'ani da hadisi da littattafan fiƙihu. Akwai Fusha ta zamani, wadda ake rubuta jarida da doka da littafin makaranta da ita. Sannan akwai karin harsunan da mutane suke magana da su a gida da kasuwa, kuma da su suke rubutu a WhatsApp. Tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce. "Me kake so?" a Masar عايز إيه ne, a Sham شو بدك, a Najdu وش تبي, a Maroko شنو بغيتي, a Sudan داير شنو. Ƙari a kan haka matasa da yawa suna rubuta Larabci da haruffan boko da lambobi, abin da ake kira Arabizi: 3 a madadin ع, 7 a madadin ح, 2 a madadin hamza. Lamba 9 kuwa ق ce a ƙasashen Magrib, wato arewa maso yammacin Afirka, amma a yankin Gulf ana sa ta a madadin ص.

Rubuta a takarda, da kaso, su wa za su yi amfani da samfurin. Idan na ma'aikatar gwamnati ne da zai taƙaita takardu, Fusha ta ishe ka, sai ɗan fahimtar karin harshe. Idan na amsa koken abokan cinikin kamfanin waya ne a Kasablanka, Darija, karin Larabcin Maroko, ce gaba, haɗe da Faransanci da ake cusawa a tsakiyar jimla. Shi ya sa MBZUAI ta ware Atlas-Chat don Darija kaɗai a 2024. Idan Larabcin Sudan ko na Chadi da Shuwa Arab na Borno kake nufi, ka shirya tara rubutun da kanka daga bakin masu harshen, domin abin da ke intanet kaɗan ne ƙwarai.

Akwai kuma bambanci tsakanin fahimta da furtawa. Ayyuka da yawa suna buƙatar samfurin ya gane karin harshe amma ya amsa da Fusha mai sauƙi. Wannan ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma ya fi aminci, domin karin harshen da aka kwaikwaya rabi-rabi yana ƙona ran mai shi fiye da Fusha tsantsa.

Kafa jarrabawa kafin horo

Kada ka taɓa samfurin sai ka mallaki ma'aunin da zai nuna maka ko an ci gaba. Daga jarrabawoyin da ke fili, ɗauki ArabicMMLU na 2024, mai tambayoyi 14,575 da aka ɗebo daga jarrabawar makarantun ƙasashen Larabawa, wato ba fassara ba ne. Haɗa da Belebele na Meta, mai tambayoyin fahimtar karatu 900 a kowane harshe, wanda yake da Fusha da karin Masar, Maroko, Najdu, Iraƙi da Sham. Sa ACVA don al'ada, da AlGhafa na cibiyar TII. Riƙe kuma jarrabawar Turanci da ta lissafi da ta rubuta manhaja, domin da su za ka gane ko samfurin ya fara manta abin da ya iya.

Waɗannan na Larabcin duka na zaɓar amsa daga jeri ne, ba sa nuna ingancin rubutu. Saboda haka ka sa masu harshen su rubuta tambayoyi 300 zuwa 500 irin na aikin da za a yi, a kulle su, kada ko ɗaya ya shiga kayan horo. A cikinsu a sa tarkunan nahawu da gangan: muthanna, adadi daga 3 zuwa 10 da ke saɓa wa jinsin abin ƙirgawa (ثلاثة كتب amma ثلاث سيارات), jam'in marasa hankali da ke ɗaukar siffar mace tilo, da wurin zaman hamza. A sa tarkunan wuri: watan Janairu يناير ne a Masar, كانون الثاني a Sham da Iraƙi, جانفي a Tunisiya da Aljeriya. Hutun mako Juma'a da Asabar ne a Saudiyya da Masar, amma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta koma Asabar da Lahadi tun Janairun 2022.

Zaɓen samfurin tushe

Ɗauki samfura uku ko huɗu masu buɗaɗɗen nauyi, wato waɗanda za ka iya saukewa ka ci gaba da horarwa, ka gwada su a jarrabawar nan. Zaɓi na tushe, wanda ba a yi wa horon hira ba, domin ci gaba da horo yana rushe halin hira ko ta yaya. Karanta lasisinsa da kyau.

Abu na biyu da za ka auna shi ne yawan tokin da mayankin rubutunsa, wato manhajar da ke yanka rubutu zuwa tokin, yake fitarwa a kowace kalma. Ɗebi kalmomi kamar miliyan ɗaya daga jarida, littafi, hira da rubutu mai wasali, ka raba adadin tokin da adadin kalmomi, kowane rukuni daban. Kowane harafin Larabci bayit biyu ne a UTF-8, don haka mayankin da bai san Larabci ba yakan koma harafi-harafi, wani lokaci ma bayit-bayit. Llama 2 yana da ƙamus na tokin 32,000 kacal, Llama 3 yana da 128,256, Gemma kuwa kusan 256,000. Shawararmu: idan sakamakon Fusha bai kai tokin 2 a kalma ba, bar mayankin yadda yake. Idan ya haura 3, faɗaɗa shi ya zama dole. Tsakanin nan, kuɗin da ke hannunka ne zai yanke hukunci.

Tara rubutu da tace shi

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata rabin lokacin tawaga ya tafi.

Madogaran da aka sani sun haɗa da ɓangaren Larabci na FineWeb2 da CulturaX da OSCAR, tarin labarai na Abu El-Khair mai kalmomi biliyan 1.5, takardun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke da fassara gefe da gefe, OpenITI da Maktaba Shamila don littattafan gargajiya, da Wikipedia ta Larabci mai maƙala sama da miliyan ɗaya. Yi hattara da Wikipedia ta karin Masar: mafi yawan maƙalolinta an zuba su ne da ƙirar jimla ɗaya ana sauya suna, don haka ba ta wakiltar yadda Misirawa ke magana. Kada ka ƙirga ta a matsayin karin harshe sai bayan tacewa mai tsanani.

Bi wannan jeri wajen tacewa, domin sauya jerin yana sauya sakamako.

Da farko gyara lambar haruffa. Tsofaffin shafuka da yawa an rubuta su da Windows-1256, kuma idan aka karanta su ba daidai ba sai su zama tarkacen haruffan boko masu ɗige-ɗige. Rubutun da aka ciro daga PDF shi ya fi ba da wahala: haruffa kan fito a juye daga hagu zuwa dama, lam-alif ya rikiɗe, kuma haruffan su zo da siffofin nuni na U+FB50 zuwa U+FDFF da U+FE70 zuwa U+FEFF a maimakon na asali da ke U+0600 zuwa U+06FF. Ido ba ya ganin bambancin, amma a wurin kwamfuta haruffa ne daban. Daidaitawar NFKC, wata ƙa'idar Unicode ta daidaita haruffa, tana mayar da su na asali. Ka sani tana kuma warware alamar ﷺ ta zama cikakkiyar jimlar salati, saboda haka yanke shawara ko kana son hakan, ka keɓe ta idan ba ka so. Don gano rubutun da ya juye, ƙirga sau nawa في da من da على suka bayyana, ka kwatanta da يف da نم da ىلع.

Na biyu, cire tatwil, wato U+0640 da ake jan kalma da shi don ado, da ɓoyayyun alamomin alƙiblar rubutu irin U+200E da U+200F. Mayar da ya da kaf na Farisanci (U+06CC da U+06A9) zuwa na Larabci (U+064A da U+0643) a cikin rubutun da aka tabbatar Larabci ne. Suna shigowa ne ta allon rubutun waya. Rage harafin da aka maimaita sau goma don zumuɗi zuwa uku.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne tsada. Tsofaffin kayan aikin binciken rubutu suna mayar da أ da إ da آ duka su zama ا, suna mayar da ة ta zama ه, da ى ta zama ي, suna share wasali gaba ɗaya. Wannan ya dace da injin nema. A samfurin da zai yi rubutu kuwa, illa ce da ba ta gyaruwa: zai koyi rubutu mai kuskuren imla'i, ya kasa bambanta على da علي, kuma duk mai ilimin da ya karanta layi biyu zai raina shi. Yi wannan daidaitawar a kwafi na gefe don neman maimaici kawai, ka bar rubutun horo da hamzarsa da ta marbuɗarsa. Wasali ma a bar shi inda marubuci ya sa. Kalmar كتب ba tare da wasali ba tana iya zama "ya rubuta", "an rubuta" ko "littattafai", kuma daga rubutu mai wasali ne samfurin yake koyon sa shi idan an nema. Haka lambobi: Gabas tana amfani da ١٢٣, Magrib tana amfani da 123, a bar kowanne.

Na uku, tantance harshe. Farisanci, Urdu, Pashto, Kurdanci na Sorani da ajamin Hausa duk da haruffa iri ɗaya ake rubuta su, kuma ƙaramin mai tantancewa yakan jefa su cikin Larabci, musamman gajeren rubutu. GlotLID ya fi tsohon samfurin fastText mai harsuna 176 rarrabewa, kuma yana ware wasu karin harsuna. Matsalar tana da fuska ta biyu: idan ka tsananta ma'aunin tabbaci, karin harshe ne zai fara zubewa, domin shi ne mai tantancewar ke shakka a kansa. Duba samfurin abin da aka zubar da idonka, aƙalla takardu 200 a kowane mataki.

Na huɗu, matatun inganci. Waɗanda aka gada daga samfurin Gopher da tarin rubutun C4 an ɗinka su ne a jikin Turanci. Ƙa'idar neman kalmomin haɗi na Turanci za ta zubar da komai. Ƙa'idar cewa layi ya ƙare da alamar tsayawa ba ta san ؟ da ، da ؛ ba, kuma littattafan gargajiya sukan yi shafi guda babu aya. Sake rubuta kowace ƙa'ida da jerin kalmomin Larabci, ka sa ma'auni daban ga labarai, littattafai da hira. Jerin kalmomin batsa ma a bi shi da hankali, domin yana iya share babin tsarki da na aure a littattafan fiƙihu da rubutun likitanci baki ɗaya.

Na biyar, cire maimaici. Labarin kamfanin dillancin labarai ɗaya kan bayyana a jaridu da dama, kuma littafi ɗaya kan zo a bugu daban-daban. MinHash, dabarar gano takardu masu kama da juna, a kan jerin kalmomi biyar-biyar, da ma'aunin kamanni kusan kashi 75 cikin 100 kamar yadda FineWeb ya yi, mafari ne mai kyau. Manhajar Datatrove tana da shi a shirye. Sai dai kada ka cire maimaici a matakin jimla ba tare da lura ba, domin ayoyi da hadisai da baitoci suna maimaituwa bisa haƙƙi a cikin dubban rubutu, kuma cire su yana barin rami a tsakiyar sharhi. A ƙarshe share lambobin waya da adireshin imel, ka tuna lambar waya tana iya zuwa da ٠١٢, sannan ka cire duk abin da ya yi daidai da tambayoyin jarrabawarka.

Faɗaɗa mayankin rubutu

Larabci yana manna ƙananan kalmomi a jikin babba. وسيكتبونها kalma ɗaya ce a rubuce, amma ma'anarta "kuma za su rubuta ta". AraBERT na Jami'ar Amurka da ke Beirut, a 2020, ya yi amfani da manhajar Farasa ya raba irin waɗannan kafin yanka. Ga samfurin da ke fitar da rubutu wannan yana ƙara wahala, domin dole a sake manna su a fita, kuma masu rabawar ba su ƙware a karin harshe ba. Mafi yawan ayyuka suna tsayawa ga BPE, dabarar yanka da ke haɗe haruffan da suka fi zuwa tare su zama tokin, da aka horar da tsabtataccen Larabci.

Horar da sabon mayanki a kan gigabayit 5 zuwa 20 na rubutun da ke wakiltar cakuɗar da kake so, irin nau'in na samfurin tushe. Ɗauki tokin da babu su a tsohon ƙamus ka ƙara. Tawagar Jais ta ƙara 32,000 a kan na Llama 2 a samfuran da ta daidaita a 2024, kuma adadi tsakanin 16,000 da 32,000 ya isa yawancin ayyuka. Lissafa nauyinsa: a Llama 2 mai biliyan 7, faɗin kowane embedin, wato jerin lambobin da ke wakiltar tokin, 4,096 ne, kuma na shiga da na fita daban suke, don haka tokin 32,000 sun ƙara faramita kusan miliyan 262. Cika girman ƙamus ya zama ninkin 128 don GPU ta yi sauri.

Abubuwa biyu kan ɓaci. Idan ka zuba sababbin tokin ta umarnin add_tokens kawai, ana neman su ne kafin BPE ya fara aiki, sai su riƙa tsinka kalma a tsakiya ba bisa ƙa'ida ba. Abin da ya dace shi ne haɗa ƙa'idojin haɗewar sabon mayankin a ƙarshen na tsohon. Na biyu, ƙa'idar rabon farko ta mayankai da yawa tana gane haruffa amma ba ta ɗauki wasali a matsayin ɓangaren kalma ba, sai kalma mai wasali ta tarwatse. Gwada da rubutu mai cikakken wasali. Bayan haka tabbatar da abu biyu: rubutun Turanci yana fitar da tokin iri ɗaya da na da, kuma duk rubutun Larabci da aka yanka aka mayar yana dawowa daidai harafi da harafi.

Kada ka bar sababbin embedin da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi. Yanka kowane sabon tokin da tsohon mayanki, ka ɗauki matsakaicin embedin gutsattsarinsa, a shiga da fita duka. Sannan ka daskarar da jikin samfurin, ka horar da embedin kaɗai na tokin biliyan 1 zuwa 2, kafin ka saki sauran. Idan aka tsallake wannan, manyan kurakuran matakan farko suna ratsa jikin samfurin su ɓata abin da ya riga ya iya.

Ci gaba da horo

Larabci zalla yana sa samfurin ya manta lissafi, manhaja da ilimin da ya samu ta Turanci. Jais ya cakuɗa Larabci da Turanci ninki biyu nasa da ɗan rubutun manhaja, ALLaM kuma ya tsaya kusa da rabi da rabi. Mafari mai kyau ga mai ci gaba da horo: Larabci kashi 50, Turanci 35 zuwa 40, manhaja da lissafi 10, sauran kuma rubutu mai fassara gefe da gefe. A cikin Larabcin, ɗaga kason littattafai da rubutun ilimi da karin harshe sama da yadda suka zo, domin labaran siyasa da wasanni da shafukan talla sun cika intanet. Idan rubutu mai kyau ya yi ƙaranci, maimaita shi har sau huɗu bai cika yin illa ba. Fiye da haka amfanin yana raguwa da sauri.

Ga lissafin kuɗi. Aikin horo kusan 6 ne sau yawan faramita sau yawan tokin. Samfuri mai biliyan 7 a kan tokin biliyan 30 yana buƙatar kusan awa 2,800 na katin A100, idan ana cin kashi 40 cikin 100 na ƙarfinsa. Da kati 8 kusan kwana 15 ke nan, da kati 64 ƙasa da kwana 2. Ma'ajiya kuwa, cikakken horo da AdamW, dabarar sabunta faramita, yana cin kusan bayit 16 a kowace faramita, wato gigabayit 112 kafin a ƙirga abin da lissafin kansa ke ci, don haka dole a raba samfurin a kan katuna da FSDP ko DeepSpeed.

Saituna: lambobi masu bit 16 (bf16), tsawon jeri tokin 4,096, kowane mataki tokin miliyan 1 zuwa 4, datse gangara, wato iyakance girman gyaran kowane mataki, a 1.0. Llama 2 mai biliyan 7 an horar da shi da ƙololuwar saurin koyo 0.0003, a ci gaba da horo fara ƙasa da haka, tsakanin 0.00002 da 0.0001, da ɗumama na kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na matakai, sannan a sauko a hankali. Gwada uku a kan tokin biliyan 1 kowanne kafin ka zuba kuɗin duka. A kashi 10 na ƙarshe, ƙara kason rubutun da ya fi inganci.

Ware ma'aunin kuskure gida-gida: Fusha, gargajiya, kowane karin harshe, Turanci, manhaja. Matsakaici ɗaya yana ɓoye komai. Idan na Turanci yana hawa ba tsayawa, rage saurin koyo ko ƙara kasonsa. Idan ma'aunin ya yi tsalle kwatsam, duba rukunin rubutun da ya shiga a lokacin, galibi tarkacen PDF ne da ya tsallake tacewa. Koma ajiyar samfurin ta baya ka tsallake shi. Kuma tunda mayanki ya sauya, kwatanta kuskure a kan tokin tsakanin tsohon samfuri da sabo ba shi da ma'ana. Yi amfani da bit a kowane bayit.

Wanda ba shi da katuna da yawa zai iya bin LoRA ko QLoRA, dabarun horar da ɗan ƙaramin ƙari a maimakon dukkan faramita, a kan samfurin da mayankinsa ya riga ya iya Larabci. Suna gyara salo da bin umarni sosai, amma ba sa cusa sabon ilimi mai yawa. Idan ka ƙara tokin, dole embedin na shiga da na fita su shiga horo cikakke, in ba haka ba sababbin tokin za su zauna ba a koya musu komai ba.

Koya masa bin umarni

Hanya mai sauƙi ita ce fassara tarin umarnin Turanci da inji, kuma ita ce ke haifar da samfurin da ke sanye da rawani amma tunaninsa na wani wuri ne. Alamominsa sanannu ne: yawan تم da masdari a maimakon fi'ili majhuli, من قبل a kowace jimla, buɗe kowace amsa da بالتأكيد, sunayen mutane da abinci da bukukuwa na Amurka, da umarnin da ya mutu a fassara, kamar neman kalma mai farawa da harafin da babu shi a Larabci ko waƙar da ta rasa ma'auni da ƙafiya. CIDAR, mai misalai 10,000 da mutane suka bi suka daidaita da al'ada, da ɓangaren Larabci na Aya da masu harshen suka rubuta, sun fi dacewa a fara da su.

Misalai 20,000 zuwa 50,000 masu kyau sun fi miliyan na fassara. Bar fassara ga lissafi da manhaja, inda al'ada ba ta da tasiri sosai, kuma ko nan mutum ya duba. Ga sauran, ɗauki marubuta daga ƙasashe daban-daban, ka ba su takardar ƙa'ida da ta amsa tambayoyi takamaimai: da wane Larabci za a amsa wa mai karin harshe, da wane rubutu za a amsa wa mai Arabizi, wane irin lambobi, da yadda za a yi da jinsi. Larabci yana bambanta أنتَ da أنتِ kamar yadda Hausa ke bambanta kai da ke, don haka samfurin da ke kiran kowa da namiji yana kuskure ga rabin masu amfani da shi. Koya masa ya ɗauki jinsin daga maganar mai tambaya, idan babu alama ya gina jimlar da ta kauce masa.

Horar zagaye 2 zuwa 3, da saurin koyo 0.00001 zuwa 0.00002 a cikakken horo, ko kusan 0.0002 a LoRA. Lissafa kuskure a kan amsa kaɗai. Tabbatar tokin ƙarshen magana yana cikin kowane misali, domin rashinsa ne ke sa samfuri ya yi ta zuba ba tsayawa. Bayan haka DPO, wato horo da ke nuna wa samfuri amsar da aka fi so cikin biyu, da beta 0.1 da saurin koyo kusan 0.0000005, a kan 'yan dubban amsoshi biyu-biyu, yana maganin cututtuka takamaimai: tsallakawa Turanci a tsakiyar amsa, faɗowar haruffan Sinanci da ake gani a wasu samfuran da aka gina a Sin, da gauraya Misiranci da Shamanci a jimla ɗaya.

Nassin addini yana buƙatar tsari na daban. Samfuri yana iya sauya kalma a aya, ko ya haɗa matanin hadisi da isnadin da ba nasa ba, cikin lafazi mai gamsarwa. Horo ba ya kawar da wannan gaba ɗaya. Haɗa shi da ma'ajiyar nassi da aka tabbatar, irin ta Tanzil, a riƙa ɗauko ayar daga can ana liƙawa, kuma a bayyana riwaya, domin Hafs ce ta fi yawa a intanet alhali Warsh ake karantawa a yawancin Magrib da Afirka ta Yamma, har da makarantun allo na ƙasar Hausa. A cikin misalan horo a sa waɗanda samfurin ke cewa bai tabbatar da ingancin hadisi ba, yana tura mai tambaya ga malamai.

Jarrabawar ƙarshe da fitarwa

Sake gudanar da duk jarrabawar farko da saituna iri ɗaya, ta lm-evaluation-harness ko lighteval. Maki yana motsawa idan aka sauya harafin zaɓi daga A, B, C, D zuwa أ، ب، ج، د, ko aka sauya harshen umarni, don haka tsaya ga tsari ɗaya ka rubuta shi. Manhajar rouge-score da aka saba auna kamannin amsa da amsar gwaji da ita tana share duk abin da ba harafin boko ko lamba ba, sai ta ba rubutun Larabci sifili ko maki marar ma'ana. Sauya mata mayanki, ko ka koma ma'aunin chrF da ke kwatanta haruffa. Idan wani babban samfuri ne alƙali, ka sani yakan fifita doguwar amsa da Fusha, don haka a karin harshe hukuncin mutane ne abin dogaro: masu duba biyu ko uku 'yan ƙasar, ba su san wace amsa ce ta wane samfuri ba, suna ba da maki daban ga daidaiton bayani, nahawu da dacewar karin harshe.

Wajen matse samfurin zuwa bit 4 da GPTQ ko AWQ, rubutun gwajin da ke zuwa da kayan aikin Turanci ne. Musanya shi da cakuɗar Larabci da Turanci, sannan ka sake jarrabawar Larabci bayan matsewa, domin asarar takan fi yawa a harshen da ba a gwada da shi ba. A manhajar hira, tara bayit har harafi ya cika kafin a nuna shi, in ba haka ba alamar � za ta riƙa bayyana a tsakiyar kalma yayin da amsa ke fitowa. Sa alƙiblar kowane sakin layi ta bi harafinsa na farko, ka gwada da jimlar da ta haɗa Larabci, sunan kamfani da haruffan boko, lamba mai kashi cikin ɗari da baka biyu, a waya da kwamfuta duka, kafin a buɗe wa jama'a.